Yadda Ake Ƙirga Tsarin Zama a Da'ira: Daga Bakin Akushi Zuwa Duwatsun Carbi

Mutum huɗu sun kewaye akushin tuwo a tsakar gida: Baba, Kawu, Yaya da Auta. Sai Baba ya ce rana tana dukan idonsa, kowa ya gusa dama da zama ɗaya. Aka gusa. To, tsarin zaman ya canja ke nan? Wanda ke daman Baba ɗazu shi ne a damansa yanzu, na hagu ma yana nan a hagu. Inda kowa ya zauna a kan tabarma ya canja, amma wa ke kusa da wa, wannan bai motsa ba. A kan wannan ɗan bambanci lissafin jeri a da'ira ya tsaya gaba ɗayansa.

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB yawanci sukan haddace (n − 1)! su ɗauka an gama. Haddar tana aiki muddin tambayar ta zo a miƙe. Da an ce kujerun na da lamba, ko an ce duwatsu uku launinsu ɗaya, sai lissafi ya watse. Shawarata ita ce kada ka fara da ƙa'idar da ka haddace. Fara da tambayar kanka: a wannan matsalar, waɗanne tsare-tsare ne ake ɗauka a matsayin abu ɗaya? In ka amsa wannan, ƙa'idar da kanta za ta fito.

Mataki na farko: ka fara ƙirgawa a layi

Da a ce mutanen nan huɗu a kan benci za su zauna, gurbin farko yana da zaɓi 4, na biyu 3, na uku 2, na ƙarshe kuwa wanda ya rage ne. Ka ninka su: 4 × 3 × 2 × 1 = 24. Wannan ninkin da ake sauko da shi har zuwa 1 shi ake kira faktoriyal, ana rubuta shi da alamar motsin rai, wato 4! = 24. Wani masanin lissafi Bafaranshe, Christian Kramp, shi ya fara amfani da alamar a 1808. Ka riƙe waɗannan a ka, don za su yi ta dawowa: 3! = 6, 4! = 24, 5! = 120, 6! = 720, 7! = 5,040.

Mataki na biyu: ka kafa mutum ɗaya

Yanzu a lanƙwasa bencin ya zama da'ira. Benci yana da farko da ƙarshe, da'ira ba ta da su. Jerin Baba-Kawu-Yaya-Auta, da Kawu-Yaya-Auta-Baba, da Yaya-Auta-Baba-Kawu, da Auta-Baba-Kawu-Yaya, jeri huɗu ne daban a kan benci, amma a bakin akushi zama ɗaya ne da aka yi ta gusawa. Kowane zama na da'ira an ƙirga shi sau 4 ke nan a cikin 24 ɗin nan. Saboda haka 24 ÷ 4 = 6.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita na fi so. Ka zaunar da Baba ko'ina, ka ce kada ya motsa. Zamansa bai ƙara komai a lissafi ba, tunda kafin ya zauna duk guraben iri ɗaya ne. Amma da zarar ya zauna, sauran guraben sun samu suna: na damansa, na gabansa, na hagunsa. Mutum 3 a gurabe 3 masu suna, 3! = 6. Gani ya kori ji, ga su nan, ana farawa daga daman Baba:

Kawu, Yaya, Auta
Kawu, Auta, Yaya
Yaya, Kawu, Auta
Yaya, Auta, Kawu
Auta, Kawu, Yaya
Auta, Yaya, Kawu

Daga nan ƙa'idar ta samo asali: abubuwa n mabambanta a da'ira suna da tsari (n − 1)!. Mutum 5 suna da 24, mutum 6 suna da 120, mutum 8 suna da 5,040, mutum 10 kuwa 362,880.

Dalilin da ya sa na fi son kafa mutum a kan rabawa shi ne, rabawa tana iya yaudararka, za mu ga yadda take yi a gaba. Kafa mutum kuwa yana mai da da'ira ta koma layi, kuma lissafin layi kowa ya iya.

Mataki na uku: ka duba ko kujerun na da alama

Wannan gajere ne amma yana kayar da mutane. In aka ce kujerun teburin na da lamba, ko ɗaya daga cikinsu ta shugaban taro ce, ko ana la'akari da wanda ya samu ta kusa da ƙofa, to gusawa ta zama canji. Kujera ɗaya tak mai alama ta isa, domin daga gare ta ake sanin sauran. Amsar ta koma n!, tamkar a layi. Mutum 6 a teburi mai lambobi: 720. Teburin ya kasance zagayayye bai wadatar a rage komai ba.

Haka kuma ba kowane teburi ne ke juyawa sau n ba. Ɗauki teburi mai kusurwa huɗu daidai wa daida, mutum 2 a kowane gefe, jimla 8. In kowa ya gusa da kujera ɗaya, abokin gefensa ya canja, don haka zaman ya canja. Juyi 4 kawai ke mai da teburin kamar yadda yake. Amsa: 8! ÷ 4 = 40,320 ÷ 4 = 10,080. Ta hanyar kafa mutum ma haka take fitowa: na farko yana da zaɓi 2, ko kujerar dama ta gefe ko ta hagu, sannan 7! ga sauran, 2 × 5,040 = 10,080. Abin da ake rabawa da shi, ashe, yawan juyin da ba ya canja kamannin wurin ne.

Mataki na huɗu: ana iya kifa abin?

Mutanen da ke zaune ba a kifa su. In Kawu na daman Baba, wannan zama daban ne da in yana hagunsa. Amma ɗauki abin wuya da aka zura wa duwatsu 6, kowanne da launinsa. Ka ajiye shi a kan faifai, ka karanta launukan ta dama. Ka ɗaga shi ka kifa, sai ga launukan sun biyo ta hagu, alhali ba a tsinka zaren ba. Tsari biyu sun zama ɗaya. Don haka sai a sake rabawa da 2: (6 − 1)! ÷ 2 = 120 ÷ 2 = 60. Makullai 5 a zobe ɗaya: 4! ÷ 2 = 12.

Wannan rabawa da 2 tana aiki ne daga abu 3 zuwa sama. In duwatsun 2 ne kawai, ƙa'idar za ta ba ka rabi, kuma babu rabin abin wuya. Amsar 1 ce.

Wani lokaci tambayar a kan mutane take, amma kifawar na ɓoye a ciki. In aka ce mutum 7 za su zauna, kuma abin da aka damu da shi kawai su wa ke maƙwabtaka da kowa, ba ruwan kowa da dama ko hagu, to lissafin abin wuya ne: 6! ÷ 2 = 360. Haka ɗan kasuwar da zai zagaya garuruwa 10, har da garin da ya tashi, ya dawo inda ya fara, in tafiya ta gaba da ta baya tsawonsu ɗaya, zagayen da zai zaɓa daga ciki 9! ÷ 2 ne, wato 181,440.

Mataki na biyar: in wurin bai ishi kowa ba

Mutum 8 ne, teburin na ɗaukar 5. Aiki biyu ne a jere. Na farko, zaɓen waɗanda za su zauna: (8 × 7 × 6 × 5 × 4) ÷ 5! = 6,720 ÷ 120 = 56. Na biyu, zaunar da su a da'ira: 4! = 24. Ninka: 56 × 24 = 1,344. In kana son tabbatarwa, raba 6,720 da 5, za ka sami 1,344 ɗin dai.

Mataki na shida: sharuɗɗa

A nan masu jarrabawa suka fi ɗana tarko. Mu ɗauki mutum 8, jimlar zamansu 5,040, mu riƙa sa musu sharaɗi.

Amarya da babbar ƙawarta dole su zauna kusa da juna. Ka ɗaure su wuri ɗaya kamar dami, ka lissafa su mutum guda. Abubuwa 7 ke nan a da'ira, 6! = 720. A cikin damin kuma ƙawar na iya zama a dama ko a hagu, sau 2. Amsa 1,440.

Mutum biyu da ba sa ga maciji, ba a so su haɗu. Cire zaman da suke tare daga jimla: 5,040 − 1,440 = 3,600. Gwada ta kafa mutum: ka zaunar da na farko, kujeru 7 suka rage, 2 na gefensa sun haramta ga abokin gabarsa, saura 5. Sauran mutum 6 kuma 720. To 5 × 720 = 3,600. Duk lokacin da hanya biyu suka kai ka gida ɗaya, hankalinka ya kwanta.

Biyu dole su fuskanci juna. Kafa na farko, na biyu kujera ɗaya tak gare shi, sauran 6! = 720.

Yanzu mutum uku. In dole su zauna tare, dami ne: abubuwa 6 a da'ira, 5! = 120, cikin damin 3! = 6, jimla 720. Amma in aka ce kada ko biyu daga cikin ukun su yi maƙwabtaka, a nan gizo ke saƙa. Ɗalibi zai yi sauri ya cire 720 daga 5,040 ya rubuta 4,320. Wannan amsar wata tambaya ce daban, wadda ke cewa kada ukun su haɗu gaba ɗaya. A cikin 4,320 ɗin akwai zaman da biyu ke manne da juna, na ukun yana can nesa, kuma sharaɗinmu ya hana wannan.

Hanyar da ta dace ita ce ta giɓi. Ka fara zaunar da sauran 5 da ba su da matsala: 4! = 24. Tsakanin mutum 5 a da'ira akwai giɓi 5. (Ka lura, a layi da giɓi 6 ne, saboda bakin farko da na ƙarshe, a da'ira bakunan biyu sun haɗe.) Kowane ɗaya daga cikin ukun ya ɗauki giɓinsa shi kaɗai: 5 × 4 × 3 = 60. Amsa: 24 × 60 = 1,440.

Sai zaman tsallake. Malamai 4 da ɗalibai 4, ana so kowane ɗalibi ya kasance tsakanin malamai biyu. Malamai su fara zama, suna barin kujera tsakani: 3! = 6. Kuskuren da aka saba shi ne a sake ba ɗalibai 3!, wai su ma a da'ira suke. Ina! Ragin nan na mutum ɗaya sau ɗaya ake cin moriyarsa. Da malamai suka zauna, kujerun da suka rage duk sun samu suna, wannan tsakanin malamin lissafi da na tarihi, waccan tsakanin wane da wane. Ɗalibai suna da 4! = 24. Amsa 6 × 24 = 144.

Akwai wata tsohuwar matsala daga Faransa da ta ɗora a kan wannan. A 1891 Édouard Lucas ya tambaya: ma'aurata sun zo walima, za a zauna namiji, mace, namiji, mace a teburi zagayayye, kuma ba a so miji ya zauna kusa da matarsa. Hanya nawa? In ma'auratan uku-uku ne, ka iya yi da hannu. Mata su zauna, 2! = 2. Kujerar da ke tsakanin mata ta ɗaya da ta biyu ba mai zama a kanta sai miji na uku, haka sauran, hanya 1 ke nan. Jimla 2. Bayan mata sun zauna, hanyoyin maza su ne 1 ga ma'aurata 3, 2 ga 4, 13 ga 5, 80 ga 6. Ƙa'idar da ke ba da waɗannan lambobi kai tsaye sai a 1934 Jacques Touchard ya fitar da ita. Na kawo ta ne don ka ga cewa ƙara sharaɗi ɗaya na iya mai da tambayar aji ta zama aikin shekaru arba'in.

Mataki na bakwai: in wasu abubuwan iri ɗaya ne

Nan ne rabawa take yaudara, kuma nan ya kamata ka fi natsuwa.

Duwatsu 6, uku ja uku fari, za a jera su a da'ira. A layi, 6! ÷ (3! × 3!) = 20. Raba da 6, sai ka sami 3 da ɗoriya. Ba zai yiwu ba. Me ya faru? Mu rubuta su, J ja, F fari:

JJJFFF
JJFJFF
JJFFJF
JFJFJF

Huɗu ne. Ukun farko, kowanne in ka yi ta juya shi zai ba ka jeri 6 mabambanta a layi. Na huɗun kuwa, ka gusa shi sau biyu ya dawo yadda yake, jeri 2 kawai gare shi. 6 + 6 + 6 + 2 = 20. Rabawa da 6 ta ɗauka cewa kowane tsari yana da fuska shida, shi kuwa na huɗu fuska biyu gare shi.

A wannan misalin ɗoriyar ta tona asirin kuskuren. Wani lokaci babu mai tona shi. Duwatsu 6, biyu ja, biyu fari, biyu baƙi: a layi 720 ÷ 8 = 90, a raba da 6 a sami 15 cif. Lamba ce mai kyan gani, amma ba daidai ba ce. Amsar 16 ce.

Ga yadda ake samunta. Da'ira mai gurbi 6 tana da juyi 6: gusawa da 0, 1, 2, 3, 4, 5. Ga kowane juyi, ka ƙirga jeri nawa ne ba ya canjawa in an yi masa wannan juyin. Ka tara su duka, ka raba da yawan juyin. Ana jingina wannan hanya ga William Burnside na Ingila saboda littafinsa na 1897, ko da yake Cauchy a 1845 da Frobenius a 1887 sun riga shi saninta.

Mu gwada da uku ja uku fari. Gusawa da 0 ba ta taɓa kowa, duk 20 suna nan. Gusawa da 1 ko da 5 sai in duk duwatsun launi ɗaya ne, babu ko ɗaya. Gusawa da 2 ko da 4 tana buƙatar ɗan tsari mai dutse biyu da ya maimaitu sau uku: JFJFJF da FJFJFJ, wato 2 ga kowanne. Gusawa da 3 tana buƙatar rabi ya yi daidai da rabi, wanda ke nufin jajayen su rabu biyu daidai, kuma 3 ba ta rabuwa, babu. Tara: 20 + 0 + 2 + 0 + 2 + 0 = 24. Raba da 6, ga 4 ɗinmu.

Na launi uku kuma: gusawa da 0 ta ba da 90. Gusawa da 3 tana buƙatar rabin farko ya ƙunshi ja ɗaya, fari ɗaya, baƙi ɗaya, rabin na biyu ya kwaikwaye shi, 3! = 6. Sauran juyin ba su ba da komai. (90 + 6) ÷ 6 = 16.

Ba kullum ake buƙatar wannan dogon aiki ba. Dubi carbi. Duwatsunsa 33 ko 99, amma akwai dogon nan guda ɗaya da ake kira liman, inda mai jan carbi ke sanin ya zagayo. Liman shi ne Baba a bakin akushi. Muddin akwai dutse ɗaya da ba shi da na biyu, ka kafa shi, sauran su koma layi. Baƙi 1, ja 3, fari 2: kafa baƙin, 5! ÷ (3! × 2!) = 10. Haka nan in babu wata lamba sama da 1 da ke raba yawan kowane launi, rabawa kai tsaye ba ta da haɗari. Ja 3 da fari 2 a gurabe 5: jeri 10 a layi, 10 ÷ 5 = 2. Amma 3 da 3 suna rabuwa da 3, haka 2 da 2 da 2 suna rabuwa da 2, shi ya sa suka ba mu wahala.

In kuma abin wuya ne da ake kifawa, kada ka ɗauki 4 ɗin nan ka raba da 2. Koma ka dubi jerin. JJJFFF in ka karanta shi ta baya shi ne dai. JFJFJF ma haka. JJFJFF kuwa in ka kifa shi sai ya zama JJFFJF. Biyu sun haɗe, biyu sun tsaya da kansu, amsa 3. Rabawa da 2 tana aiki ne kawai in babu tsarin da kifawa ke barinsa yadda yake, kuma hakan tabbas ne in duwatsun duk sun bambanta, daga uku zuwa sama.

Masu ilimin sinadarai ma wannan lissafin suke yi. Sinadarin benzin zobe ne mai ƙwayoyin kabon 6, kowace da haidirojin ɗaya a jikinta. In aka maye gurbin haidirojin biyu da kulorin, tambayar ita ce ta ja 2 da fari 4: a layi 15, gusawa da 3 ta ƙara 3, (15 + 3) ÷ 6 = 3. Ko kulorin biyun suna manne, ko akwai gurbi ɗaya tsakaninsu, ko suna fuskantar juna, kuma waɗannan ukun su ne ake samu a ɗakin gwaji.

Gwaji ɗaya da ya haɗa matakan

Mutum 9 za su zauna a teburi zagayayye marar lamba. Ango da babban abokinsa dole su zauna tare. Wasu baƙi biyu kuma ba a so su yi maƙwabtaka. Ba a ce dama da hagu ɗaya ba ne, don haka babu rabawa da 2.

Fara da ɗaurin: ango da abokinsa dami ɗaya, cikinsa hanya 2. Ajiye baƙin nan biyu a gefe tukuna. Saura mutum 5 da damin, abubuwa 6 a da'ira, 5! = 120. Giɓi 6 ne, kuma babu giɓi a cikin damin tunda an ɗaure shi. Baƙo na farko ya zaɓi ɗaya cikin 6, na biyu ɗaya cikin 5, wato 30. Ninka: 2 × 120 × 30 = 7,200.

Tabbatar da shi ta hanyar cirewa. Da sharaɗin ango kaɗai, abubuwa 8 ne a da'ira: 7! × 2 = 10,080. Zaman da baƙin biyu ma suke manne, dami biyu da mutum 5, abubuwa 7: 6! × 2 × 2 = 2,880. Cire: 10,080 − 2,880 = 7,200.